Koyon Tuƙin Jirgin Sama: A Fara Tambayar Ɗalibi Inda Ya Dosa

A Amurka, doka ta ce tashin sa'a 40 ya ishi mutum ya nemi lasisin tuƙa ƙaramin jirgi don amfanin kansa, a Turai kuma sa'a 45. Amma hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, da kanta ta ce yawanci sai ɗalibi ya doshi sa'a 75. Kowace sa'a kuwa da kuɗinta: hayar jirgi, mai, ladan malami. A nan da yawa suke sarewa.

Da an ce zamanantarwa, hankalin masu makarantu sai ya tafi kan kayan aiki. Cessna 172, wanda ya fito tun 1956, har gobe shi ake koyo da shi, sai dai agogunan nan shida na gaban matuƙi sun ba allon Garmin G1000 wuri. Ci gaba ne, ba musu. To amma binciken da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar a 2010 ya nuna cewa ƙananan jirage masu allo, duk da haɗarinsu bai kai na sauran yawa ba, wanda ya faru ya fi cin rai. Allo zai nuna maka tsayi da hanya. Ba zai koya wa ƙafarka taka feda ba lokacin da iska ta bugo ta gefe kana dab da taɓa ƙasa.

A ganina, babban giɓin yana wajen manhaja. Matashin da ke hangen kamfanin jirage yana da sa'a 1,500 a gabansa, bisa dokar Amurka ta 2013, don haka gara ya saba da tuƙi da na'ura da magana da hasumiya tun ranar farko. Likitan da ke son ɗaukar iyalinsa ranar hutu fa? Shi karatun yanayi ya fi buƙata, da ƙarfin halin cewa yau ba za a tashi ba. Dokar MOSAIC ta Amurka ta 2025, wadda ta faɗaɗa lasisin sa'a 20 na masu tuƙin nishaɗi, ta lura da irinsa.

A Najeriya, kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, da aka kafa a 1964, ta sayo jiragen Diamond na zamani. Bayan kayan aiki, zan so ranar rajista malami ya zauna da kowane ɗalibi ya ji burinsa kafin a tsara masa darasi.