Dogon bakan Ingila: makamin da ya karya baraden Faransa a Azinkur

Ranar 25 ga Oktoba 1415, a filin Azinkur da ke arewacin Faransa, rundunar Sarki Henri na biyar na Ingila ta fatattaki ta Faransawa, duk da cewa Faransawan sun fi yawa. Galibin mayaƙan Henri ƴan baka ne, talakawa masu tafiya a ƙasa. Haka aka yi a Kiresi a 1346.

Sirrin farko yana cikin itacen. Ana sassaƙa bakan daga itacen da Faransawa ke kira if, kuma gwanin masassaƙi yakan tsaga sandar yadda za ta haɗa sassa biyu: farin ɓangaren da ke bin ɓawo, mai jure miƙewa, ya zauna a bayan baka, jan ɓangaren tsakiya, mai jure matsi, ya fuskanci maharbi. Sanda guda ce, amma tana aiki kamar an haɗa biyu. Tsawonta ya kai wajen mita 2, a saka ƙaho a bakinta biyu don riƙe tsirkiya. Mai kyan itacen daga Sifen da Italiya ake kawo shi, har a 1472 doka ta tilasta wa fatake shigo da sanda 4 a kan kowane tan na haja.

Kibiya kuwa aikin hannu da yawa ce: wani ya feƙe sanda, maƙeri ya ƙera tsini, wani ya ɗaura gashin dinya uku a gindi don ta tafi sak. A nan ta bambanta da ta maharban ƙasar Hausa, wadda ba ta da gashi, ta dogara ga dafi. Ta Ingila nauyi da ƙarfin bugu ne makaminta.

Amma baka ba shi da tsada; mutumin da zai ja shi ne mai wuyar samu. An tsamo bakuna 137 da kibau fiye da 3,500 daga jirgin ruwan Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, kuma masana sun ƙiyasta cewa jan wasunsu daidai yake da ɗaga kilo 60 ko fiye. Wannan sai wanda ya fara tun yarinta. Shi ya sa a 1363 Sarki Edward na uku ya umarci maza su riƙa koyon harbi a ranakun hutu, ya hana su wasannin ƙwallo.

A fagen fama sukan kafa turaku masu tsini a gabansu, su yi wa dawaki ruwan kibau. Sulke mai kyau yakan tare kibiya, doki kuwa ba shi da wannan gatan. In babu turakun, labari ya sha bamban: a Patai, a 1429, baraden Faransa sun auka musu kafin su gama kafawa, suka tattake su. A Kastiyon kuma, a 1453, igwar Faransa ce ta rufe yaƙin.