Wa Zai Ƙidaya Mana 'Ya'ya?

A shekara ta 1988, Jihar Katsina tana jaririya, gwamnatin Janar Babangida ta fito da manufa a kan yawan jama'a. Shawarar ita ce kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu. Ba a sa doka ba, ba a ɗaure kowa ba, amma maganar ta girgiza gidaje.

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda gandu yake ci da gida, manomi ya san hannu da yawa shi ke nome masara da auduga. Ga kuma ƙyanda da zazzaɓi suna ɗauke yara. Uwar da ta binne biyu, yaya za a ce mata huɗu sun isa? Wani abin kuma, mace aka ƙidaya wa, ba namiji ba. Mai mata huɗu yana iya samun goma sha shida, mu masu auren mace ɗaya kuwa huɗu ke nan. Nauyin duka a kan mata ya faɗa.

Shawarar ba ta yi wani tasiri ba, gama binciken shekara ta 2018 ya nuna macen Katsina tana haihuwar 'ya'ya bakwai a tsakaice. Abin da ya rage shi ne zato. Da aka baza jita-jita a 2003 cewa maganin shan inna yana hana haihuwa, mutane da yawa a Arewa suka gaskata, yara suka gurgunce.

A ƙasar Sin kuwa tilas aka yi. Daga wajen 1980 har 2015, yawancin iyalan birni ɗa guda aka yardar musu. Da yake ana son namiji, sai aka riƙa zubar da cikin 'ya mace, har a ƙidayar 2010 ana haifar maza 118 a kan mata 100. Samari miliyoyi suka rasa matan aure. Yaro ya tashi ba wa, ba ƙane, ga iyaye biyu da kakanni huɗu suna jiransa. Sa'ad da girgizar ƙasa ta rushe makarantu a Sicuwan a 2008, iyaye da yawa suka rasa ɗansu tilo. A 2021 gwamnati ta yarda da uku, amma matasa ba su amsa ba.

'Yan'uwa, kada wannan ya zama mana hujjar sakaci. Kakanninmu sun san tazara: mace takan yi goyo shekara biyu, kwanika kuwa abin kunya ce. 'Ya'ya kyautar Ubangiji ce, wanda ya karɓi kyauta kuma zai ba da lissafinta: abinci, magani, kuɗin makaranta, da lafiyar uwarsu.

Maigida, zauna da uwargida, ku yi addu'a, ku nemi shawarar ma'aikaciyar asibiti. Kada surukai ko maƙwabta su yanke muku. Ku biyu ne kuka tsaya a gaban Allah ranar aure, ku biyu ne kuma za ku amsa.