Tukunyar Kashe Gobara a Tsohuwar Mota

Mai tsohuwar mota irin Peugeot 504 ko Volkswagen Beetle ya fi kowa bukatar tukunyar kashe gobara. Tiyon mai ya tsufa ya tsattsage, kabureta na yoyo, robar wayoyi ta bushe; tartsatsi ɗaya ya isa.

Tukunya mai gari, wadda aka rubuta ABC a jikinta, tana kashe wutar fetur da ta waya da ta kujeru, amma garin na cin ƙarfe idan ba a wanke da wuri ba. Mai iskar CO2 ba ta barin datti, sai dai iska na kwashe ta a fili.

A sayi mai kilo 2, a ɗaure ta kusa da direba. In mai gari ce, allurar ma'auninta ta tsaya a kore. In inji ya kama da wuta, kada a wangale bonet. A fesa ta ƙaramar kafa.