Suna a Rajista, Yaro a Kasuwa

Idan aka tashi maganar yaran da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, sai a ambaci alƙaluman UNICEF, wadda a shekarun baya ta daɗe tana cewa sun kai kimanin miliyan 10.5, akasarinsu a Arewa. Amma akwai waɗanda ƙidaya ba ta cika kamawa ba. Sunansu yana cikin rajista, yau su zo, gobe su yi fashi, ranar kasuwar garin kuwa sai a tarar da aji wayam.

Dokar UBE ta shekarar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, kuma tilas ne. A takarda ke nan. A gida, uba yana lissafin ɗinkin yunifom da littattafan rubutu da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) da na jarrabawa, ga kuɗin tara kullum safiya. Yaron da aka koro sau biyu a kan kuɗin PTA, shi da kansa ba ya son komawa, don kunyar a sake kiran sunansa a gaban 'yan aji.

Abin da ya fi kuɗin nan nauyi shi ne hidimar da yaron ke yi wa gida. Uwar da ke cikin kulle, ɗiyarta ce ƙafarta. Farantin ƙosai ko awarar da yarinyar ke ɗauka da sassafe, daga shi cefane yake fitowa, daga shi ake zubin adashin kayan ɗakinta. Kafin ta sayar ta dawo hantsi ya yi, an rufe ƙofa, ga bulalar makara tana jira. To, gara ta zauna. Yara maza kuma damina ce ke kwashe su. Zango na uku yana faɗawa kan shuka da noman farko, zango na farko ya haɗu da girbi, ga zazzaɓin cizon sauro a tsakani. Wanda ya tsara kalandar makaranta, da alama bai taɓa kai abinci gona ba.

Ana saurin cewa iyaye ne ba su san darajar boko ba. Ni dai ina ganin lissafi suke yi. Uban da ɗansa ya kai aji biyar bai iya karanta wasiƙa ba, malami ya zo yau bai zo gobe ba, yara cunkushe a ƙasa, me zai sa ya bar awakinsa ba makiyayi? A makarantar allo kuwa yana ganin allon yana ci gaba. Budurwa kuma, inda babu banɗaki ko ruwa, kwanakin al'adarta a gida take yin su.

Sai kuma tsoro. Bayan sace 'yan matan makarantar Chibok a 2014, an sace ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, sannan a Jangebe a Fabrairun 2021. Jihohi da dama suka rufe makarantun kwana. Kafin a sake buɗewa, wasu 'yan matan an ɗaura musu aure, wasu samarin sun tafi cirani.