BABI NA UKU: HANYOYIN GANE MA'ADINAI DA TATTARA SU A MUNGADI DA KEWAYE

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ake gane ma'adinai da kuma yadda ya kamata a tattara su a yankin Mungadi, cikin ƙaramar hukumar Maiyama, da maƙwabtanta na Jega da Aliero a Jihar Kebbi. Manufar babin ita ce a nuna cewa Bahaushe yana da tsohon sani game da duwatsu da ƙasa, amma da yake yakan raɗa suna ne bisa launi ko amfani, suna ɗaya kan haɗa abubuwa daban-daban. Wannan kuwa kan jawo asarar dukiya, wani lokaci ma har ta rai.

3.1 Yanayin Ƙasar Yankin

Binciken ma'adinai na zamani a Arewa ya fara ne daga 1904 zuwa 1909 a ƙarƙashin J. D. Falconer, wanda ya buga littafinsa a 1911. Daga baya aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya a 1919.

Masana sun sanya wannan yanki cikin kwarin Sakkwato, wato inda yashi da laka da farin dutse suka yi ta kwanciya hawa-hawa cikin miliyoyin shekaru, har da lokacin da teku ya taɓa malale wurin. Hawan da ya fi bayyana a yammacin kwarin shi ne wanda suka raɗa wa sunan Gwandu, mai yashi da yumɓu, wanda marmara kan rufe samansa. A ƙarƙashinsa akwai hawan farin dutse na Kalambaina, wanda masana'antar siminti ta Sakkwato ta dogara da shi tun da ta fara aiki a 1967. Zinariya kuwa an fi saninta a yankin tsofaffin duwatsu na kudu maso gabas, kamar ƙasar Yawuri da Zuru da kuma Zamfara. Saboda haka, abin da mai bincike zai fi cin karo da shi a Mungadi shi ne yumɓu da marmara da tsakuwa. Idan ya ga ƙyalli a yashin gulbi, to ya yi hattara.

3.2 Sunayen Gargajiya da Matsalarsu

Maƙera da magina tukwane da masu haƙar rijiya su ne masanan farko a wannan fage. Maƙerin da, ya san tama da nauyinta da launinta. Mai ginin tukwane tana gane yumɓu mai kyau da zarar ta murza shi. Haka nan fatake sun san bambancin kanwa da manda da gishirin Foga da ake kawowa kasuwar Jega daga ƙasar Nijar.

Sai dai akwai inda sunan kan gaza. Alal misali, "farar ƙasa" tana iya nufin kawolin da ake shafe ɗaki da shi, ko farin dutsen siminti, ko jifsam, alhali kuwa kowane da amfaninsa da farashinsa. Haka kuma dutsen tozali, sau da yawa galina ne, wato ma'adinin dalma, mai cutar da ƙwaƙwalwar yara. Abin da ya faru a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara ya isa darasi. An riƙa niƙa dutsen zinariya mai haɗe da dalma a cikin gidaje, ƙurar ta hallaka yara kimanin 400.

3.3 Hanyoyin Gwaji

Akwai gwaje-gwaje huɗu masu sauƙi waɗanda ba sa bukatar na'ura:

(i) Tauri. A 1812 Friedrich Mohs ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10, lu'ulu'u ne na 10. Farce yana kimanin 2.5, wuƙa kuma kimanin 5.5. Jifsam yana 2, don haka farce kan karce shi. Farin dutse yana 3, farce ba ya iya masa amma wuƙa na iyawa. Farar tsakuwa mai kama da gilashi, wato kwaz, tana 7, ita ce ma ke karce wuƙa.

(ii) Launin gari. Idan aka goga dutse a gefen fasasshen tangaran inda ba santsi, sai ya bar layi. Tama kan bar ja ko ruwan ƙasa-ƙasa. Zinariya kan bar rawaya, fayirait mai kama da ita kuwa baƙi-baƙi yake bari.

(iii) Ruwan tsami. Idan aka kankare garin farin dutse aka ɗiga masa ruwan lemun tsami, zai yi 'yar kumfa. Kawolin da jifsam ba sa yi. Kawolin kuma kan yi danƙo in an jiƙa shi.

(iv) Nauyi da duka. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, galina sau 7 da rabi, fayirait sau 5. In an buga zinariya da guduma sai ta baje, fayirait kuwa farfashewa yake yi. Ƙyallin nan na cikin yashi, galibi maika ne, mai ɓarewa falle-falle, kuma ruwa kan tafi da shi cikin sauƙi.

Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Sai an haɗa biyu ko uku, in shakka ta rage a kai samfurin ɗakin gwaji na jami'a.

3.4 Ƙa'idojin Tattarawa

Da farko mai bincike ya nemi izinin mai gona da na dagaci. Ya ɗauki ɗan guntu kamar dunƙulen hannu, ya sa a jakarsa daban, ya rubuta lamba da kwanan wata da wurin da zurfin da aka samo shi. Ya kuma rubuta sunan da mutanen wurin ke kiransa da abin da suke yi da shi, domin samfurin da ba shi da bayani tsakuwa ce kawai. Kada a lasa dutsen da ba a sani ba, kada a niƙa shi cikin gida, kuma a wanke hannu kafin cin abinci. A lura kuma, kundin tsarin mulki na 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ma'adinai, don haka haƙa domin sayarwa sai da lasisi.

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa sanin gargajiya da gwajin kimiyya kowane na bukatar ɗan'uwansa. Dattawan da suka ga narka tama da idonsu suna ƙarewa, kuma duk wanda ya rasu yakan tafi da sunayen da ba a rubuta ba. A babi na gaba za a jero sunayen da aka tattara, tare da nazarin ma'anarsu da tsarin ƙirarsu.