Wasannin Agar.io da Slither.io: Yadda Ake Cin Nasara da Wanda Ke Kwasar Riba

GASHUWA, Jihar Yobe — Duk wanda ke da wayar hannu mai intanet a yau, ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ko kuwa yaron shago a kasuwar Nguru, yana iya shiga fili guda ya fafata da mutanen wasu ƙasashe ba tare da ya sayi wasa ko ya yi rajista ba. Abin da ake bukata kawai shi ne a buɗe shafin wasan, a rubuta laƙabi, a shiga. Wannan sauƙi shi ya sa irin waɗannan wasanni suka zama kasuwa mai kawo kuɗi, don haka ya dace a bayyana yadda ake yin su da kuma inda ribar ke tafiya.

Wanda ya buɗe wannan hanya shi ne Agar.io, wanda wani matashi ɗan ƙasar Brazil, Matheus Valadares, ya fitar a watan Afrilun 2015, kafin kamfanin Miniclip ya fito da na waya a wannan shekarar. A watan Maris na 2016 kuma Steve Howse na ƙasar Amurka ya fitar da Slither.io.

A cikin Agar.io, ɗan wasa yana farawa ne a matsayin ɗan ƙaramin ƙwallo. Yana tsintar ɗigo-ɗigon abinci da ke warwatse a fili domin ya ƙara nauyi, yana haɗiye wanda bai kai shi ba, wanda ya fi shi kuma ya haɗiye shi. Masuntan Kogin Yobe ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan doka. Sai dai girman yana da farashi: gwargwadon yadda ƙwallo ya yi ƙiba, gwargwadon yadda gudunsa ke raguwa, kuma nauyinsa yana zagwanyewa a hankali ko da ba a taɓa shi ba. Masana tattalin arziki na faɗin haka game da babban kamfani, wato yawan jari yana zuwa da yawan ɗawainiya.

Daga nan dabarun nasara suka fito. Na farko, mai ƙaramin jari ya nisanci inda manya ke cunkoso, ya tara abinci a gefe. Na biyu, akwai korayen ƙwallaye masu ƙaya waɗanda ke tarwatsa babba idan ya taka su, amma ƙarami yana iya fakewa a ƙarƙashinsu. Na uku, ɗan wasa yana iya raba kansa biyu domin ya cafko mai gudu, har zuwa kashi 16. Wannan shi ne makami mafi kaifi, kuma shi ne ya fi hallaka masu shi, domin kowane rabi yana iya zama abincin wanda ɗazu bai isa ya tunkare shi ba. Kafin a rabu, a duba ko akwai wani babba a kusa.

Slither.io ya sauya dokar. A nan kowa maciji ne, kuma duk wanda kansa ya taɓa jikin wani ya mutu nan take, komai tsawonsa, gawarsa ta zama abinci. Saboda haka ƙarami yana iya kayar da babba idan ya sha gabansa. Ana iya ƙara gudu, amma gudun yana cin tsawon jiki, kamar ɗan kasuwar da ke taɓa uwar kuɗi. Dogon maciji kuwa yakan kewaye ƙarami, ya riƙa matse da'irar har ya faɗa masa. Wuri mafi haɗari shi ne inda wani babba ya mutu, domin kowa can yake rugawa. Mai haƙuri yakan tsaya a gefe ya kwashe abin da masu rububi suka bari bayan sun yi karo da juna. Kwaɗayi, in ji Hausawa, mabuɗin wahala ne.

Ga ɗan wasa a wannan yanki akwai ƙarin matsala. Wasan yana gudana ne a kan manyan kwamfutoci da ke nesa, saboda haka idan intanet ta yi rauni sai a ga abu a makare, a mutu kafin a ankara. Wanda layinsa ba shi da ƙarfi, ya guji cunkoso da kai hari, ya zaɓi filin da ya fi kusa idan an ba da zaɓi.

To, wa ke cin riba? Shiga kyauta ne, amma bayan an mutu akan nuna talla, akwai kuma kayan ado da ake sayarwa a ciki. A 2016 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa Slither.io yana samar wa mai shi fiye da dala 100,000 a kowace rana. Ma'ana, yawan mutuwar 'yan wasa da sake farawarsu shi ne cinikin mai wasan.

A nasa ɓangaren, ɗan wasa yana biya ne da data, da cajin waya, da lokaci. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, ga kuma kuɗin caji a shago inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Suna a jerin goma na sama ba ya kawo ko kwabo, kuma yana gogewa da zarar an mutu. Don haka iyaye da ɗalibai su ɗauki wasan a matsayin hutu mai kasafi: a yanke minti nawa da data nawa za a kashe tun kafin a shiga fili.