Ledar koko ba ta narke ba, shi ke nan an tsira?

Tun da gwamnatin Legas ta fara aiwatar da dokar hana ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba, ranar 1 ga Yulin 2025, maganar leda ta dawo bakin mutane. Legas shara da toshewar magudanai ne suka dame ta. Mu a Nasarawar Burkullu gardamar ta karkata ga abinci, kuma amsar da nake yawan ji ita ce ke ci mini rai: “Ai ko koko mai tururi aka zuba, ledar ba ta narkewa.”

Gaskiya ne, ba ta narkewa. Foliyetilin da ake yin ta da shi sai zafi ya haura digiri 100 yake narkewa, ruwa kuwa nan yake tafasa. Amma wa ya ce sai abu ya narke yake ba da abin da ke cikinsa? Ƙullin kanwa a ruwa, tsumman na nan lafiya lau, ruwan kuwa ya canza.

Roba dogayen zarurruka ce da ido ba ya gani, a cukurkuɗe kamar dafaffiyar taliya. Zaren da ke can tsakiya a matse yake, kamar wanda ya kutsa tsakiyar kasuwa ranar cinta, ko juyawa sai da izinin na kusa. Wanda ke fatar waje kuwa kamar na bakin kasuwa ne, gefensa guda fili ne, yana motsi yadda ya so. Dubi man shanu a kwano da rana: gefe ke fara yin ruwa, tsakiya na nan a daskare.

A 1994 masana uku a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Keddie da Jones da Cory, suka auna wannan. Robar folistarin, irin ta farin kwanon da ake sayar da abinci a ciki, tana fara laushi a wajen digiri 100. Da suka shimfiɗa ta siririya ƙasa da nanomita 40, sai ta riƙa laushi tun zafi bai kai nan ba. A 1996 James Forrest da abokan aikinsa a Kanada suka gwada shimfiɗar da iska ke taɓa ta gaba da baya, sai zafin laushin ya sauka da kusan digiri 70. Robar ɗaya ce, sirantaka kawai ta sauya mata hali, don kusan duk jikinta ya zama bakin kasuwa.

Kada in wuce gona da iri. Ledar mai koko ta ninka waɗancan kauri sau ɗaruruwa, maikiron ɗaya nanomita 1,000 ne. Sai dai ita tun asali zarurrukanta a sake suke, shi ya sa take lanƙwasuwa a hannu. A tsakankaninsu akwai ƙananan sinadaran da masana'anta ke zubawa, na launi da na santsi da na hana lalacewa, kuma ba a ɗaure suke ba. Zafi na ƙara musu sauri, mai na janyo su, sirantaka na gajarta musu hanyar fita. Alalar da aka ƙulla a leda da manja, aka jefa a tukunya tana ɓararraka, ta haɗa duka ukun. Baƙar leda ta fi damuna, don galibi daga tsohuwar robar da aka sake narkarwa take, ba wanda ya san abin da ta taɓa ɗauka.

Mutanen Bukkuyum da Anka ba sa buƙatar a koya musu tsoron abin da ido bai gani ba. A 2010 ƙurar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta. Leda ba ta kai ko kusa da dalma ba, kuma ban ce ƙullin koko guda zai kwantar da kowa ba. Abin da nake jin zafi shi ne yaron da ke tsotsar kunu daga kusurwar leda kowace safiya, shekara da shekaru.

Ruwan leda aƙalla yana ɗauke da lambar NAFDAC. Bandir ɗin ledar da mai tuwo ke saye ba suna, ba lamba, ba alamar ko an yi shi don abinci, kuma ban taɓa ganin duba-gari ya tsaya ya tambaya ba. A gidanmu dai an fito da gwangwanayen alala daga ƙarƙashin gado, yaran kuma da kofin silba suke zuwa sayen koko.